Muhawara: Shin ciniki zai hana Sin da Japan faɗa a kan tsibiran Senkaku?

Malamin tarihi: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina nan kan bakana: Sin da Japan ba za su yi yaƙi a kan waɗannan tsibirai da Sinawa ke kira Diaoyu ba. Duwatsu ne, ba kowa a kansu, kuma Sin ce babbar abokiyar cinikin Japan. Wa zai ƙona rumbunsa saboda dutse?

Ɗaliba: Wa alaikumus salam Malam. A gafarce ni, amma cinikin ne ya zama makami a 2010. Da jirgin masunta na Sin ya yi karo da jiragen tsaron gaɓar tekun Japan aka tsare kyaftin ɗinsa, ai ma'adanan da masana'antun lantarki na Japan suka dogara da su ne suka daina fitowa daga Sin na ɗan lokaci. Ba a jima ba aka saki kyaftin.

Malamin tarihi: Madalla, 'yata. To an harba bindiga?

Tsohon matuƙin jirgin ruwa: Malam, ku bar cewa dutse. Faɗin Tekun Gabashin Sin, inda tsibiran suke, bai kai mil 400 na awon teku ba, alhali dokar teku ta ba kowace ƙasa mil 200 na kifi da abin da ke ƙarƙashin ruwa. Dole iyaka ta hau iyaka. Japan na cewa a raba tsakiya, Sin na cewa nata ya miƙe har kwarin Okinawa, wani rami mai zurfi a ƙasan teku kusa da tsibirin Okinawa na Japan. Akwai iskar gas a ƙasa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne jiragen da ke gogayya kullum. Wanda ya taɓa riƙe jirgi cikin hazo ya san babban jirgi ba ya tsayawa nan take, kuskuren minti ɗaya ya isa.

Malamin tarihi: Gaskiya ne Baba, shi ya sa suka kafa tsarin tuntuɓar juna na teku da sama a 2018, layin wayar kai-tsaye na sojojinsu ya fara aiki a 2023. Tun 1978 Deng Xiaoping, jagoran Sin na wancan zamani, ya ce a bar maganar ga na baya. Ni hikima nake gani a nan.

Ɗaliba: Na baya sun zo, Malam, kuma maganar ta ƙara zafi. A 2008 sun amince su haƙo gas tare, har yau shiru. A 2012 gwamnatin Japan ta sayi uku daga tsibiran daga hannun wani ɗan Japan da ya mallake su, aka farfasa shagunan Japanawa a biranen Sin. A 2014 Obama ya faɗa a Tokyo cewa yarjejeniyar tsaron Amurka da Japan ta haɗa da su. Yanzu masu hannu a ciki uku ne.

Tsohon matuƙin jirgin ruwa: Malam, ni tambayata ɗaya ce. Idan aka yi karo da tsakar dare aka rasa rai, wa zai fara ɗaga wayar nan?