Gindin dutse, gindin tukunya, gindin bishiya: duk "bottom" ne da Turanci?

Maman Ilham, Anguwan Rogo:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah malaman Turanci ku taimaka min. Ina yi wa yaran layinmu lesin da yamma, masu shirin WAEC, to akwai abin da ke ɗaure musu kai kullum, mu da Hausa gindi ko ƙasa sun ɗauke kusan komai, gindin dutse gindin tukunya ƙasan rijiya, su kuma duk inda suka ga haka sai su zuba bottom. Wata ta rubuta "we sat at the bottom of the tree" wai sun zauna a gindin bishiya, kunnena bai karɓa ba amma ina so in ba su dalili ba kawai in ja jan biro ba. Akwai ƙa'ida ne ko sai hadda?

Malam Sani, Dilimi:
Wa alaikumus salam Maman Ilham, Allah ya saka da alheri da wannan ƙoƙari. Akwai hadda a ciki amma akwai abin da za ki ɗora su a kai. Duk abin da yake da ciki, tukunya, kofi, jaka, rijiya, to bottom ne, haka wanda ya zo na ƙarshe a aji shi ma bottom of the class ake cewa. Abu mai tsayi da ake tsayawa a gindinsa a ɗaga kai, kamar dutse ko tudu ko matakala, nan foot ta fi zama, ki ce musu at the foot of Shere Hills, duwatsun nan na Jos, tunda wuri ne da suka sani, daga foot ɗin ma aka samu footnote, ƙaramin rubutun nan na ƙasan shafi. Base kuma wurin da abu ya zauna a kai ne ya ɗauki nauyinsa, kamar gindin fitila, kuma sun riga sun san ta a lissafi, half base times height. Ruwa nasa daban, ƙasan kogi riverbed ne, in rani ya yi ruwan Dilimi ya ja baya abin da kike gani na yashi da duwatsu shi ne, na teku kuma seabed ko ocean floor.

Ita ɗalibar taki in inuwa suka sha to under the tree za ta ce, in kuma jikin bishiyar suka jingina at the foot of the tree. Saiwa root ce, kututturen da ya rage bayan an sare stump.

Abu Khalil, Bauchi Road:
Malam Sani ka yi bayani wallahi, amma ina da ja a wuri ɗaya. Bottom of the hill da bottom of the stairs Turanci ne lafiyayye, Turawa na faɗinsu kullum a hira, foot ɗin ta fi kyau ne a rubutu kawai. Kar Hajiya ta je ta soke wa yara abin da yake daidai su tsorata da kalmar gaba ɗaya, yaranmu dama tsoron Turancin nan ne ke kayar da su.

Injiniya Bash, Gwarinpa:
Bari in sa baki ta ɓangaren gini tunda sana'ata ce. Harsashin gini foundation ne, shi ne fandeshin ɗin da magina ke faɗa. Amma jaman fulo ɗin nan da muke cewa a wurin aiki, wato kankaren da ake zubawa a ƙasa kafin bulo ya ci gaba da tashi, namu ne na Najeriya, kar yaro ya sa German floor a jarrabawa. Sai kuma bene, mu tsarin Ingila muke bi, hawan ƙasa ground floor, na samansa first floor, a Amurka kuwa na ƙasan ne first floor, wanda ya saba kallon finafinansu sai ya rikice. Ɗakin da aka haƙa cikin ƙasa, irin wanda ake ajiye motoci a manyan gine-ginen Abuja, basement.

Anti Rabi Tela, Farin Gada:
Mu a ɗinki kalmasar bakin riga ko siket hem ake ce mata, kwastomomi 'yan jami'a haka suke faɗa min. Ƙasan takalmi kuma sole, tafin ƙafa ma sole ɗin ne. Malam guggubin kunu fa, wanda ke kwantawa a ƙasan kofi, shi ma bottom ne?

Malam Sani, Dilimi:
Anti Rabi shi dregs ne, kusan kullum da s a ƙarshe, in a darasin kimiyya ne kuma sediment. Abu Khalil na yarda da kai, na dutse da matakala duk biyun sun halatta. Maman Ilham ki sa su riƙa rubuta kalmar tare da abokiyar tafiyarta a bayan littafi, foot of the hill, bottom of the well, sole of the shoe, kar su haddace ta ita kaɗai. Kuma ki gaya musu a hankali cewa bottom tana nufin mazaunai ma, saboda kar yaro ya rubuta my bottom yana nufin ƙasan bayansa ke ciwo, wannan lower back ne.