Faifan CD ya ƙi kwafuwa sai da sudo, a taimaka

Mai_Kanti_Wadata:
Salamu alaikum jama'a. Ina da ɗan kanti nan Yamai wajen Wadata, mutane na kawo tsofaffin CD na wa'azi da na biki muna juye musu a kle USB. Tsohuwar kwamfuta ce na sa mata Debian (wani nau'in Linux), da Asunder, manhajar kwafar CD, nake aiki. A kont ɗina lafiya lau, amma kont ɗin da na buɗe wa yarona ko faifan ba ya gani, da ya gwada cdparanoia (wata manhajar kwafar CD) a tarminal sai ta ce Permission non accordée, wato ba izini, kan /dev/sr0, sunan na'urar karanta CD ɗin. Da sudo, umarnin da ke ba da ikon mai kula da kwamfutar, yana yi, to ni kuma ba na so in ba yaro lambar sirrina. Wata hajiya ta kawo faifai 23 tana jira tun Litinin wallahi har kunya nake ji.

Ɗan_Ader:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ka buga ls -l /dev/sr0, za ka ga root cdrom, wato root (babban kont mai iko da komi) da 'yan gurup ɗin cdrom kaɗai ka iya taɓa na'urar. Kont na farko da anka buɗe lokacin sa Debian yana ciki da ma, wanda kuwa anka ƙara daga baya ba shi ciki, shi ya sa kai kana gani yaro bai gani. Ka yi sudo usermod -aG cdrom sannan sunan kont nashi. Don Allah kar ka manta da harahin a ɗin nan na -aG, in ka bar G kaɗai duk sauran gurup nashi za su tahi, ni na taɓa yi ma kaina haka nan Tawa har sudo ya ɓace mini, na kwana ina gyara. Sai shi hita shi sake shiga, in ba haka ba ba ta kamawa.

Abokin_Kowa:
kawai chmod 777 /dev/sr0 a buɗe wa kowa izini a wuce wajen mana

Ɗan_Ader:
A'a ɗan uwa, wannan na yini guda na. udev, mai kula da na'urori, ke sake ƙirƙiro /dev/sr0 duk tashin mashin, kuran na ɗaukewa kun koma gidan jiya.

Mai_Kanti_Wadata:
Malam Allah ya saka da alheri, yanzu yana ganin faifan, duk waƙoƙin sun fito. Amma da ya danna kwafa sai ya tsaya, wai ba ya iya rubutu a dosiye.

Ɗan_Ader:
Sudon da kunka yi ta yi a baya na, duk abin da ya aje na root na. sudo chown -R suna:suna sannan hanyar dosiyen, don ya koma mallakin kont nashi. In kan kle kuke zubawa kai tsaye kuma, ka duba ko kont naka ya fara buɗe ta, a cire a sake soka daga nashi. Kuma ka lura da wuri, WAV, sautin da ba a matse ba, na cin kusan mega 10 duk minti, faifai 23 na iya kai giga 15, gara MP3 tunda a rediyon mota Hajiya za ta ji.

Mai_Kanti_Wadata:
chown ɗin ne ashe. Yana kan faifai na 4 yanzu, na 2 ne dai ya karce yana tsalle, shi sai gobe.