"Laifin babba rowa, laifin yaro ƙiwuya": ta dace da White Sox kuwa?

Direban Shikago:
Assalamu alaikum. Masana karin magana, ku raba mana gardama. Mun yi musu da wani ɗan'uwa a kan ƙungiyar besbol ta Chicago White Sox, wadda a kakar 2024 ta buga wasa 162, aka doke ta a 121, ta ci 41 kacal. Tun daga 1900 babu ƙungiyar da ta sha kashi haka a babbar gasar Amurka. Da can New York Mets ta 1962 ce ke riƙe da wannan abin kunya da 120. Ni na ce laifin babba rowa, laifin yaro ƙiwuya: mai ƙungiyar, Jerry Reinsdorf, ya ƙi sakin kuɗi, 'yan wasa kuma sun ƙi zage dantse. Shi kuwa ya ce na ajiye maganar ba a muhallinta ba.

Tsohon Hedimasta:
Wa alaikumus salam. Besbol ban san kansa ba, amma maganar na san ta. Asalinta aike ne. Babba ya aiki yaro kasuwa, yaro ya dawo da gumi, ko sisin kwabo ba a ba shi ba, ko sannu. Gobe in an kira shi sai ya noƙe. Duba da kyau, rowa aka fara ambata. Ba raba laifi gida biyu ake yi ba, nuna mafarinsa ake yi. To kafin ka yi amfani da ita sai ka tabbatar yaran nan ƙin aiki suka yi, ba kasawa ba.

'Yar Damagaram:
Baba Hedimasta, a gafarce ni, a gidanmu ba haka muke jin ta ba. Inna takan faɗe ta ne in za ta kashe rigima, ma'ana kowa da irin halinsa, babba ya gyara, yaro ma ya gyara. Ban taɓa jin an ce ɗaya ne ya haifi ɗayan ba.

Tsohon Hedimasta:
'Yata, Inna ta yi daidai a wurin sulhu, don mai sulhu ba ya so ya kunyata babba a gaban yaro. Amma ki lura, wa ake kallo idan ana faɗarta? Babban ake kallo.

Direban Shikago:
Ƙiwuyar akwai ta, Malam. Kocinsu na lokacin, Pedro Grifol, da bakinsa ya fito a watan Mayu ya ce yaransa ba su da kuzari a fili. Daga baya suka jera wasa 21 ba su ci ko ɗaya ba, daidai da abin da Baltimore Orioles ta yi a 1988. A watan Agusta aka sallame shi.

Mai Lissafi:
Yaya Direba, koci in ya ga kujerarsa na rawa ai dole ya nemi wanda zai ɗora wa. Ni ban yarda da ƙiwuya ba sam. Ga abin da ya faru a makon ƙarshe. Suna da kashi 120, Los Angeles Angels ta zo gidansu wasa uku. Magoya bayansu da yawa sun zo ne don su ga an karya tarihi da idonsu, wasu har ihu suke yi wa ƙungiyarsu in ta ci, suna ɗaga kwalaye masu cewa a sayar da ƙungiya. Yaran nan suka cinye duka ukun. Sai a Detroit, ranar 27 ga Satumba, na 121 ya faɗo, sannan suka ci biyun da suka rage. Wanda ba abin da zai samu, nasa ma na yi masa ihu, ya ci biyar cikin shida, wannan ba mai ƙiwuya ba ne. Iya ƙarfinsu ke nan. Mai jifansu mafi ƙwarewa, Dylan Cease, tun a watan Maris aka musanya shi zuwa San Diego, kafin a buga wasa ko ɗaya.

Rowa kuwa ba musu. Kwantiragi mafi tsoka da ƙungiyar ta taɓa bayarwa shi ne na Andrew Benintendi kafin kakar 2023, dala miliyan 75 a shekara biyar. A gasar da ake ba mutum ɗaya dala miliyan 300 da ɗoriya. Kuma ku da kuka saba da Firimiya ku sani, a nan ba a faɗawa ƙaramar gasa. Ko ka zo na ƙarshe shekara goma, kujerarka na nan, kuɗin talabijin na shigowa. Me zai tsorata mai ƙungiya?

'Yar Damagaram:
To in haka ne rabin maganar ya faɗi ke nan. Me zai hana a ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari?

Mai Lissafi:
Yaya, wannan ta fi ɓata lissafi. Ana faɗarta ne inda wanda aka cuta shi ma ya jawo. Wa aka cuta a nan? 'Yan kallo. Sai dai in warin nasu shi ne sun ci gaba da sayen tikiti.

Ɗan Unguwar Kudu:
Ku bar ni in sa baki, don ni tun cin kofin 2005 nake bayansu, lokacin da suka share Houston wasa huɗu ba ko ɗaya. Kuna ta maganar kuɗi. Ni abin da ya fi ci mini rai kara ce. Reinsdorf tun 1981 yake riƙe da ƙungiyar, kuma mutum ne mai riƙe nasa har abin ya zama illa. A 2020 ya dawo da tsohon amininsa Tony La Russa koci, yana da shekara 76, rabonsa da horarwa tun 2011. Gaskiya sun ci rukuninsu a 2021 da wasa 93, amma daga nan sai gangara. A Agustan 2023 ya kori manyan jami'an ƙungiyar, Ken Williams da Rick Hahn, muka ce alhamdulillahi, za a nemo sabon jini. Ko mako biyu ba a yi ba ya ɗora Chris Getz a kujerar babban manaja, wanda shi ne ke kula da renon matasan da ba su tsinana komai ba. Bai ko leƙa waje ba. Mai rowa aƙalla ya san abin da yake ɓoyewa.

Tsohon Hedimasta:
To ai ita ma rowa ce, ɗana. Wanda ya hana baƙo kujera don kada a gaya masa gaskiya, ya yi rowar kujera. Ni dai hukuncina, Direba: ɗauki rabin farko, bar na biyu. In kana son cikakkiya, ce araha ba ta ado.

Direban Shikago:
Malam, araha ba ta ado ai na mai saye ce, mu kuwa da tsada muke sayen tikitin. Kuma har yanzu ban janye ƙiwuya gaba ɗaya ba, don na ga an buga ƙwallo mutum yana tafiya kamar an aike shi ɗebo ruwa.

Mai Lissafi:
Faɗi sunansa da ranar wasan, Yaya, sai mu duba. Ni abin da nake jira in gani shi ne matasa huɗun da aka karɓo daga Boston a madadin mai jifansu Garrett Crochet. A 2025 an ci 60, an sha kashi 102. Idan Kyle Teel, ɗaya daga cikin matasan nan, ya nuna, za a biya shi ya zauna, ko shi ma za a kai shi kasuwa?