Word na canza mini rubutu da kansa, ku ya kuka yi da shi?

Malamin makaranta, Birni: Salamu alaikum jama'a. Shekaranjiya ina buga tambayoyin jarrabawar ɗalibaina, na jero amsoshi (a), (b), da na zo kan (c) sai ta rikiɗe ta koma ©, (e) kuma ta zama €. Ban ankara ba sai da na fitar da kwafi 60. Da biro na bi su ɗaya bayan ɗaya har tsakar dare. Wanda ya san maganin abin nan ya taimaka.

Mai shagon buga takardu, Zongo: Wa alaikumus salam Malam, sannu da ɗawainiya. Da zarar ya canza maka abu, danna Ctrl da Z nan take, zai mayar da shi yadda ka buga. In kana son rabuwa da shi gaba ɗaya, shiga Fichier, Options, Vérification, sai Options de correction automatique. Akwai dogon jeri a ƙasa, nemo (c) ka goge. Ni abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne lamba. Ka buga 1. ka ba da fili, shi ke nan ya kama jera maka 2, 3, ya ture layin ciki, ga mai takarda tsaye a kanka yana sauri. A shafin Lors de la frappe na cire alamar Listes numérotées automatiques, na huta.

Ɗaliba, Jami'ar André Salifou: Ni jan layi ne ya dame ni, Yaya. Bincikena a kan karin magana ne, duk kalmar Hausa sai ya ja mata layi, shafi ya yi jajawur. Na zaɓi rubutun duka, na shiga Révision, Langue, na ce kada ya duba. Ashe har Faransancin na hana shi dubawa, malamina ya dawo mini da kurakurai fal. Yanzu sassan Hausa kaɗai nake zaɓa.

Tsohuwar sakatariya, Sabon Gari: Ƴata, haka ake koyo. Ni kam ban kashe gyaran ba, aiki na sa shi. A cikin jerin nan na shigar da kalmomina: in na buga kungiya ya mayar ƙungiya, dalibi ya zama ɗalibi. Amma kada wanda ya kuskura ya sa kasa. Na taɓa yi, duk inda na rubuta "ya kasa zuwa" sai ya koma "ya ƙasa zuwa". Irin waɗannan da hannu nake yi: 0199 sai Alt da X ya ba ka ƙ, 0257 ɗ, 0253 ɓ, 01B4 ƴ. Sai dai in harafin da ya zo kafin lambar irin su a ne ko e, yakan haɗa da shi ya fito da wani baƙon abu, don haka ka zaɓi lambar tukuna. Kuma jerin a kwamfutarka yake zama, ba ya bin takardar zuwa shagon wani.

Malamin makaranta: Na gode Hajiya, Allah ya saka. Na goge (c) da (e), sai ga (r) ma a jerin, na haɗa da ita.