Murhu ɗaya, siffa biyu: wa ya taɓa gamuwa da wannan?

Malami, Ƙofar Ƙaura: Assalamu alaikum. Waɗanda suka taɓa gasa fallen molibdenam da teluriyam, wato siririn fallen da ake samu in an haɗa ƙarfen molibdenam da sinadarin teluriyam a murhun ɗakin gwaji, ku faɗa mini abin da idonku ya gani. Hoda ɗaya, bututu ɗaya, amma yau in samu siffar 2H, wadda ake iya kunna lantarkinta a kashe, irin wadda taransista, ƙaramin makunnin cikin na'urorin lantarki, ke buƙata, gobe in samu 1T', mai barin lantarki ya wuce kamar ƙarfe. Makon jiya ana tsakar gashi aka ɗauke wuta, kafin a tada janareta murhu ya huce. Duk abin da ya fito 1T' ne. Abin ya tsaya mini a rai, don ɗalibai biyu na jiran sakamakon.

Injiniya, Rafin Daɗi: Malam, ba laifin hannunka ba ne. Ni ma na sha wannan lokacin karatuna a Koriya. 1T' ce ke fara fitowa, sai ta daɗe cikin zafi da wadataccen tururin teluriyam sannan ta juye 2H. Ka katse ta a hanya, ko tururin ya yi ƙaranci, nan za ta tsaya. Da idona na ga 2H tana tsirowa da'ira-da'ira a tsakiyar fallen, tana cin 1T' a hankali kamar mai a kan tsumma. Teluriyam na narkewa a wajen digiri 450 na ma'aunin Celsius, don haka ka duba inda ka ajiye kwanonsa a bututun.

Malama, Daura: Ranka ya daɗe, ni ta gauraye na bi. Ƙarfen tungistin da teluriyam in sun haɗu ba sa son zama 2H, shi ya sa da na riƙa ƙara tungistin cikin molibdenam, ya kai wajen kashi ɗaya cikin goma, siffar ta juye 1T' da kanta. Wannan ya fi mini kwanciyar hankali a kan dogaro da zafi kaɗai. Ɗan gishirin miya kuma, ƙwaya biyu uku, yana taimaka wa hodar tungistin ta tashi. In ya yi yawa ya ɓata aikin.

Ɗalibi, Ƙofar Sauri: Ni da farar wuta nake aiki a madadin teluriyam, ta fi sauƙin kai. Da salatif na fara ɓanɓarowa, kamar yadda aka yi wa girafin, siririn fallen kabon, a Manchesta ta Ingila a 2004, sannan na koma gashi. Ranar da na fara ganin 'yan alwatika a madubin ƙara girman abu, falle ɗaya, kaurinsa bai kai nanomita ɗaya (kashi ɗaya cikin miliyan na milimita) ba, na daɗe ban ɗago ba. Abin da ya fi cutar da ni ƙurar hunturu ce: ƙwaya ɗaya ta sauka a kan farantin silikon da fallen ke tsirowa a kai, a nan komai zai taru ya yi tudu. Malam, naka kuma iska na lalata shi, kada ka bar shi a buɗe.

Malami: Allah ya saka da alheri. Ranar Asabar zan sake, da janareta tun daga farko, in tsawaita gashin. Malama, gishirin cikin hoda kike zubawa ko a gefen kwano?