Ƙaramar ƙasa a badminton: tauraro ɗaya ko cikakkiyar tawaga?

Malam Sani: Maganata ita ce ƙasa irin Mauritius, mai mutane kusan miliyan 1.3, asarar kuɗi take yi idan ta ce sai ta haɗa tawagar zuwa Kofin Thomas ko Kofin Uber, wato gasannin duniya na tawagar maza da ta mata. Matanta sun ci gurbin Afirka sun je Kofin Uber a 2016 da 2018, duka biyun ba su fita daga rukuni ba. Da kuɗin jirgi da masaukin tawagar aka zuba kan mutum ɗaya, irin Kate Foo Kune ko Julien Paul, ya yi ta zagayen gasanni yana tara maki, da an fi ganin amfani. Ƙasar da ba ta da 'yan wasa biyu a cikin 16 na farkon jadawalin cancanta, gurbi ɗaya tak za ta iya samu a wasan ɗai-ɗai na Olamfik a kowane jinsi. To me ya kai ta ciyar da mutum goma?

Hajiya Binta: Malam, ka manta da Denmark. A lokacin ba su kai miliyan 6 ba, amma sun ɗauki Kofin Thomas a 2016 a Kunshan ta ƙasar Sin, suka doke Indonesiya da ci 3 da 2. Su ne na farko daga Turai.

Malam Sani: Hajiya, wannan wasan ma shaidata ce. Wasa biyar ake yi, ɗai-ɗai uku, bibbiyu biyu. Denmark ta sha kashi a bibbiyun duka. Viktor Axelsen da Jan Jorgensen da Hans-Kristian Vittinghus ne suka ci nasu, kofi ya tafi Turai. Gwanayen ɗai-ɗai suka yi aikin.

Hajiya Binta: Ka ce gwanaye, ai ba ka ce gwani ba. Uku ne. Kuma doka ta ce a jera su bisa matsayinsu a jadawalin duniya, ba dama koci ya ɓoye gwaninsa a wasa na uku don ya samu mai rauni. Mutum ɗaya kuwa iyakarsa ɗai-ɗai ɗaya da bibbiyu ɗaya a karawa da ƙasa guda. Ko da Axelsen ne a hannunka, ci biyu kaɗai zai iya sa hannu a ciki, uku ake nema. Wanda ya kawo kofin a ranar Vittinghus ne, na ukunsu. Da Denmark ta bi shawararka da tuni an sallame shi daga sansaninsu na Brondby don a rage kashe kuɗi.

Koci Garba: Ku bari in sa baki ta ɓangaren atisaye, don a nan maganar Malam Sani ta fi rauni. Ɗan wasa ɗaya ba ya horuwa shi kaɗai. Mafi yawan atisayen ɗai-ɗai na manya, mutum biyu ne ko uku ke tsayawa a gefe ɗaya suna juya shi kusurwa huɗu, shi kaɗai a ɗaya gefen. Idan waɗannan biyun ba su iya maido da dukansa da irin saurin da zai tarar a gasa ba, ƙafarsa za ta saba da jinkiri. A gida yana kai wa kowace ƙwallo a tsaye. Ranar da ya haɗu da ɗan Japan ko ɗan Indonesiya sai ya riƙa isa a makare da rabin taki, ya ɗauki ƙwallon a ƙasan raga maimakon a samanta, ya ɗaga ta gajera, a sauke masa ita a ƙafa. Ba rashin baiwa ba ne, rashin abokan yi ne. Saboda haka ko tauraro ɗaya kake nufi, dole ka riƙe aƙalla huɗu zuwa shida da suka kusa kai shi, ka ba su fili da ƙwallo da abinci. To ka ga ka haɗa tawaga ke nan ba ka sani ba.

Ga kuma ƙwallon kanta. Gashin dinya 16 ne a jikin kowace, nauyinta tsakanin giram 4.74 da 5.50, goma sha biyu a kwali. A atisaye mai zafi gashi ɗaya ya karye ta daina tafiya daidai, sai canji. Ta roba ta fi arha da ƙarko, amma faɗuwarta daban ce: ta gashi tana tafiya da gudu sannan ta yanke ta faɗo kusan a miƙe, ta roba kuwa sai ta zarce. Yaron da ya tashi da ta roba zai yi ta kuskuren auna layin baya. Wannan kuɗin ana kashe shi ko mutum ɗaya ake horarwa ko shida, tunda ƙwallo ɗaya suke bugawa tare.

Malam Sani: Koci, na yarda da batun abokan atisaye, sai dai ba dole su zama 'yan ƙasarka ba. Loh Kean Yew na Singapore ya je Dubai ya yi atisaye da Axelsen a 2021, a Disambar shekarar ya ci gasar duniya a Huelva ta Sifaniya, ya doke Kidambi Srikanth na Indiya a wasan ƙarshe. Tikitin mutum ɗaya ya fi albashin mutum shida sauƙi.

Koci Garba: Axelsen bai gayyaci kowa da kowa ba, sai wanda zai amfane shi. Loh ya riga ya kai matsayin kafin a kira shi. Kuma wa ya kai shi? A Penang ta Malesiya aka haife shi, Singapore ta ɗauko shi yana ɗan shekara 13 ta sa shi a makarantarta ta wasanni. Tsari ne ya rene shi, ba tikiti ba.

Aunty Rabi: Ƙari a kan haka, Singapore ba ta tsaya kan Loh ba. A wasannin Commonwealth na Birmingham a 2022 ta ci tagulla a gasar tawaga ta maza da mata, sannan Terry Hee da Jessica Tan suka ci zinare a bibbiyu na mace da namiji. Loh kansa bai samu lamba a ɗai-ɗai ba a can. Da shi kaɗai aka dogara da shi, da hannu rabbana za a koma gida.

Amma Hajiya, kar mu zalunci Malam Sani, lissafin maki yana bayansa. Jadawalin duniya sakamako goma mafi kyau yake ɗauka cikin mako 52, kuma gasar tawaga guda ɗaya kawai ake ƙirgawa a cikinsu. Wanda ya lashe ƙaramar gasa ta Future Series maki 1,700 yake samu, International Series 2,500, International Challenge 4,000. Wanda aka cire a zagayen farko na babbar gasa ta Super 500 yana tafiya da 2,220. Wato wanda ya riga ya shiga manyan gasanni, ko ya faɗi ranar farko ya fi wanda ya lashe gasar Future Series a Afirka. Hanyar tsallake wannan katanga ita ce yawan tafiya, goma zuwa sama a shekara, mafi yawa a Turai da Asiya. Daga tsibiri a tsakiyar Tekun Indiya kowace tafiya doguwa ce. Hukumar da ta raba kuɗinta kashi takwas, babu ɗaya daga cikinsu da zai cika goman.

Hajiya Binta: To ai ba a ce a raba daidai ba. A fifita ɗaya ko biyu a tafiye-tafiye, sauran a riƙe su a gida a cibiyar Rose Hill, a fitar da su gasar Afirka. Nan ne Mauritius ke iya gogayya da Najeriya da Masar da Aljeriya da Afirka ta Kudu, kuma lambar da aka ci a nan ita ke sa gwamnati ta sake sakin kuɗi baɗi.

Malam Sani: Idan gasar Afirka ce ban ƙi ba. Abin da na ƙi shi ne a ci gurbin, sannan a kwashi tawaga zuwa Bangkok, inda aka yi Kofin Uber na 2018, don karawa uku da an san sakamakonsu tun kafin a tashi.

Koci Garba: Karawa uku ɗin, kowace wasa biyar ce, don a rukuni ana buga duka ko an riga an sha kashi. Wasa 15 ke nan da manyan duniya, a zaure mai dogon rufi da iskar na'urar sanyi da ke karkatar da ƙwallo gefe guda. Yarinyar da take ta uku a Mauritius ba ta da makin da zai shigar da ita irin wannan zaure da sunanta. Sai dai a nemi a isa da wuri a samu lokacin gwada fili, a san gefen da iska ke turawa, don wanda ya ci ƙuri'ar farko yana iya zaɓar gefe, kuma wanda bai gwada ba bai san wanne zai zaɓa ba.

Malam Sani: Har yanzu ba wanda ya gaya mini nawa tafiyar Bangkok ta ci, da gasa nawa mutum ɗaya zai je da kuɗin. A kawo wannan lissafin, sai mu ci gaba.