Masu saƙa wa yara kayan sanyi da masu karanta tsofaffin littattafan noma, me ya yi muku aiki a Jos?

Maman Ummi, Gangare:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Damina ta fara haramar tafiya, kun san kuma hunturun garin nan ba ya jiran kowa. Na soma saƙa wa yara suwaita da huluna, in dare ya yi kuma ina duba wasu tsofaffin littattafai da Baba ya bari, Allah ya jiƙansa. Turawan Ingila ne suka rubuta su kan yadda iyali za su ciyar da kansu daga 'yar gona: saniyar tatsa, kaji, lambu, tumaki. Akwai ɗaya ma na saƙa zalla. Daɗin karatu kam ba a magana. Amma waɗanda suka taɓa gwadawa a aikace nake son ji daga bakinsu, kafin in zuba kuɗi a zare da iri.

Hajiya Babba, Unguwar Rogo:
Wa alaikumus salam 'yata. Littafin saƙar nan ki bi shi da lura. Lambar tsinken saƙa ta tsohon lissafin Ingila a juye take: lamba na ƙaruwa, tsinke na sirancewa. Lamba 8 ɗinsu milimita 4 ce, lamba 10 kuma milimita 3.25. A lissafin Amurka kuwa lamba 8 milimita 5 ce. Wata ɗalibata ta bi littafin Ingila da tsinken Amurka, rigar jariri ta fito sai da aka ba yayansa mai shekara uku. Nauyin zare ma da oza suke rubutawa, oza ɗaya kusan giram 28, mu kuma dunƙulen da ke kasuwa yawanci giram 50 ne ko 100. Ni dai ko wace 'ya ta zo koyo wurina, sai ta fara saƙa ɗan ƙyalle mai faɗin santimita 10 ta wanke ta auna tukuna. Suna jin haushi, wai ɓata lokaci ne. Hannun kowa da irin matsinsa, littafi bai san naki ba.

Baban Sadik, Bukur:
Saƙa ba fannina ba ne, na bar wa iyaye mata. Amma noman na gwada a filinmu da ke gefen wani kududdufin kuza. Hajiya Maman Ummi, abu na farko, duk inda littafin ya ce shuka kaza a wata kaza, ki tsallake. Su lissafinsu na ƙanƙara ne da fitowar rana, mu namu ruwa ne, daga Afrilu zuwa Oktoba, sai noman rani ga mai ruwa a kusa. Wani ɗan uwa ya aiko mini da irin albasa daga can, na shuka, ganye ya yi kyau har maƙwabta na tambaya, amma ƙasa babu kai ko ɗaya. Daga baya wani malamin gona ya bayyana mini cewa irin albasarsu sai yini ya kai awa 14 zuwa 16 take yin kai, mu kuwa yininmu bai cika nisa da awa 12 ba duk shekara. Ajiyar dankalin Turawa ma haka. Sun ce a tara shi a rufe da ciyawa da ƙasa. Su sanyi ke tsare musu shi. Nawa ruɓewa ya yi. Mutanen Bokkos da Mangu da suka gaji dankalin Turawa, a ɗaki mai iska suke baza iri.

Abin da na ɗauka na riƙe shi ne juya shuka. Dankalin Turawa da tumatir da tattasai da gauta dangi ɗaya ne, cutar ɗaya tana kama ɗaya, musamman wadda ke ƙone ganye a tsakiyar damina. Tun da na daina maimaita su a kunya ɗaya, ina sa wake ko kabeji a tsakani, na ga bambanci.

Uwar 'Yan Biyu, Rikkos:
Zare ya yi tsada, don haka ni kasuwar Katako nake zuwa in zaɓi manyan suwaitocin gwanjo in warware. Ki juya cikin rigar ki duba haɗin gefe. In an yanka ne aka bi da keke, bar ta, guntu-guntu za ki samu. In kuwa saƙa aka haɗa da saƙa, zare zai biyo ki har ƙarshe. Sai ki naɗe shi a bayan kujera, ki jiƙa a ruwa mai ɗumi kaɗan, ki rataya a inuwa ya miƙe. Rigar babba ɗaya tana fitar mini da suwaitar yaro da hula, wani lokaci har da safa. Gane ulu na gaske kuma ba wuya: ki kusanta ɗan guntun zaren da wutar ashana, in ya yi ƙaurin gashi ya murmushe, ulu ne. In ya narke ya dunƙule, roba ce.

Anti Amarya, Farin Gada:
Ni fa Yaya, na roban nake so. Ulu yana sa wa ɗana ƙaiƙayi, kuma ranar da 'yar aikina ta wanke da ruwan zafi, rigar ta tsuke ta zama ta 'yar tsana. Yara huɗu, wa ke da lokacin lallaɓa wanki?

Uwar 'Yan Biyu, Rikkos:
Gaskiyarki Anti, sai dai ki sa masa 'yar shimi ta auduga a ciki. Kuma ki kula da kaskon gawayi. Yaranmu da asuba kan wuta suke tsugunawa, zaren roba kuwa in ya kama narkewa yake ya manne a fata.

Sista, Nasarawa:
Tunda an zo kan gawayi, ni ma'aikaciyar jinya ce, bari in sa baki. Kada a kwana da kasko a ɗaki a rufe, hayaƙinsa marar wari ne ke kisa. Sannan jariri in zai yi barci a cikin ɗaki a cire masa hular saƙa, a taɓa ƙirjinsa ko ƙeyarsa, in da gumi an yi masa yawa. Igiya a wuyan riga da ƙananan maɓallai ma a haƙura da su.

Kaka, Dilimi (jikata ke rubuta mini):
Maman Ummi, babin tumakin nan da kika ce, ki karanta don nishaɗi kawai. Tumakinmu, 'yan ƙasa da uda da balami, gashi gare su, ba a askinsu a yi zare. Mu da muka tashi auduga muke gurzawa, mu shiɓe, mu kaɗa da mazari, a kai wa masaƙa. Abin da Baturen ke kira ciyar da kai, uwata ta yi shi ba ta san baƙi ba: akuya biyu, kaji, rama da kuɓewa a bayan ɗaki, toka da kashin awaki a zuba a gindinsu. Littafin dai ya fi ta tsari wurin haɗa taki, wannan na yarda, don jikata ta yi rami ta jera ganye da kashin kaji da toka tana juyawa, latas ɗinta ya fi na maƙwabta.

Maman Ummi, Gangare:
Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa Kaka lafiya. Hajiya Babba, na duba, littafin lamba 10 ya ce, tsinkena kuma milimita 4 ne, don haka zan nemo siririn. Baban Sadik, fili na bai wuce bayan ɗaki ba, buhuna zan cika da ƙasa. Karas zai yi a buhu, ko in tsaya a latas da kabeji?

Baban Sadik, Bukur:
Zai yi, in ƙasar ba duwatsu kuma kin huda gindin buhun. Kada dai ki sa ɗanyen kashin kaji, rassa zai yi miki. Shi karas ba a dasa shi, inda kika yafa nan zai zauna, in ya fito sai ki rage.